Rami Na Huɗu

"Kashi goma sha huɗu cikin ɗari..."

Munira ta sake karanta lambar a allon kwamfutar. Tun ƙarfe tara na safe ta fara ɗora wa sabuwar sabar, uwar kwamfutocin wurin, babbar manhajarta, aikin da bai kamata ya wuce minti arba'in ba. Ga shi har an idar da azahar.

"Har yanzu dai?" Isah, manajan cibiyar, ya tambaya daga bakin ƙofa yana murmushi. "Ai na faɗa. Kayan saurayi sai lallashi."

Ta ci gaba da kallon allon.

Cibiyar ta Baffa Modibbo ce, yayan marigayi mahaifinta, a nan Yalwawa. Kwamfutoci ɗari da ashirin na ɗaliban da za su zana jarrabawa, dukkansu da wannan sabar suka dogara. Abdulkahar ne ya kawo ta shekaranjiya daga shagonsa. Shi ɗin ne kuma iyayensa za su taso daga Kafin Hausa ranar Juma'a neman aurenta wurin Baffa.

Ta canza filashin da manhajar ke ciki. Ta canza wayar haɗi. Ta kashe ta kunna sau uku. Kowane karo sai abin ya taho da gudu, ya zo goma sha huɗu ya kama jan ciki.

Me ke faruwa ne? Ko dai gaskiyar Isah ce?

Ta yi saurin yin istigfari.

Takun sanda ta ji, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Sannu da zuwa, Baffa."

"Uwata, ta tashi?"

"Tana... tana kan hanya, Baffa."

"Tun safe take kan hanya," in ji Isah. "Ranka ya daɗe, ko daga Legas ta taso ai ta iso Wudil. Tsohon kaya ne aka goge aka sa a kwali. Da ɗan'uwana na Kano aka ba, da tuni an wuce wurin."

Baffa ya zauna, ya daɗe yana kallon akwatin ƙarfen.

"Ni ban san kwamfuta ba," ya ce a hankali. "Amma na san mutum. Wanda ya rufe ni a kaya zai rufe ni a 'ya. Kira shi. In har la'asar ta yi abin nan bai tashi ba, ya ce wa manyansa su huta, kada su ɓata mai ranar Juma'a."

Ta fita baranda ta kira Abdulkahar a waya.

"Gimbiyata, kin ci abinci kuwa?"

"Abdul, ka gaya min gaskiya... sabuwa ce?"



"Ke ma tambayata kike yi?"

"Ban san me nake yi ba. Na gwada komai. Kaina ya ɗaure. Ka zo kawai."

Minti ashirin sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida Baffa, bai ko kalli inda take ba. Sannan ya tsuguna gaban sabar ya buɗe murfin gaba.

Ramuka huɗu ne a jere na faifan ajiya. Uku suna da koriyar fitila. Na huɗu yana ƙyafta ruwan goro.

Ta ga ya tsaya. Ya ja faifan kaɗan, ya karanta jikinsa, ya mayar. Ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

A nan ne ta tuna.

Shekaranjiya da aka sauke kayan, Isah ya leƙa ya ce, "Ramuka huɗu, faifai uku. Ina ɗayan ya shiga?" Ta ga yadda fuskar Baffa ta canza. Ta san uku aka yi oda, na huɗun don gaba ne, amma wa zai tsaya bayani? Da kowa ya tafi salla, sai ta ciro faifan tsohuwar kwamfutar ofis da ta mutu bara, ta zura shi, ta haɗa shi da sauran. Don a ga rami ya cika. Don bakin Isah ya mutu. Ko kusa ba ta kawo shi a lissafin matsalar ba.

"To, Injiniya?" in ji Baffa.

"Baffa, akwai faifai ɗaya da bai dace da sauran ba. Na ƙaramar kwamfuta ne, ba ya jin maganar sabar. Duk abin da za ta rubuta sai ta tsaya jiransa."

"Wa ya sa shi?"

"Laifina ne. Da na tsaya na duba komai kafin in tafi."

"Ka ji ko!" Isah ya tafa hannu. "Da bakinsa."

Baffa ya jinjina kai, ya laluba sandarsa zai tashi.

"Ni ce."

Muryarta ta fito siririya, sai da ta maimaita.

"Ni na sa, Baffa. Na tsohuwar kwamfutar ofis ne. Uku ya kawo, kuma uku aka ce ya kawo. Na ji ana cewa ya rage ɗaya, shi ne... shi ne na cika."

"Kika cika."

"Eh."

"Ke da kika yi karatun abin?"

Hawaye suka zubo mata. 

Baffa ya koma ya zauna. Ya juya ga Abdulkahar.

"Ka san ita ce?"

"Na zata."

"Ka kuma ji abin da na ce game da Juma'a?"

"Malam Isah ya turo min saƙo tun ina hanya."

Isah ya hau duba wayarsa kamar an kira shi.

"Shi ne ka ɗauka a kanka. Da na kore ka fa?"

"Da na dawo na ba da haƙuri, Baffa. Na sake dawowa. Ita kuwa a nan take aiki, a gaban mutane."

Baffa ya dubi Abdulkahar. Ya nuna sabar da sanda.

Abdulkahar ya zare faifan, ya sake saita ukun, ya matsa gefe.

"Ke za ki danna," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Aikinki ne."

Goma. Sha biyu. Sha huɗu...

Ta runtse ido.

"Sha tara," ya raɗa. "Buɗe idonki, Gimbiya. Ashirin da uku."

Baffa ya yi gyaran murya, su biyun suka nutsu. Ya miƙe, Isah ya yi sauri ya riƙe masa ƙofa.

"Ƙarya dai ka yi min, Injiniya, kada ka sake. Ke ma haka."

"In sha Allahu, Baffa."

Har ya sa ƙafa waje ya juyo.

"Mutum nawa ne za su zo? Gwaggonta na son ta san yawan shinkafar da za ta ɗora."