Aljanin da Aka Hana Ratsa Bango

Gwani ba mai neman rigima ba ne. Ƙera wasan waya ce sana'arsa, sunan ma shi ya raɗa wa kansa da ya ga jama'a na jan ƙafa. A wasan nasa jinsi uku ne mutum zai zaɓa ya shiga yaƙi da su: mutane, samudawa da aljanu. To aljanun nan suna ratsa bango, su maƙure abokin karawa ta baya su ɓace. Masu riƙe da samudawa suka yi ta ƙorafi, wasu har suka fara goge wasan. Ranar nan da yamma Gwani ya zauna gaban kwamfuta ya cire wa aljanu ratsa bango. Su bi ta ƙofa kamar kowa. Ya shafa gemu, ya shaida wa matarsa cewa adali irinsa sai an tona.

Magariba ta kawo jiki. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ƙugin firji ke zama kamar magana. Sai dutse ya faɗo kan kwano, ya gangara a hankali. Wani ya biyo shi. Gwani ya ce yaran maƙwabta ne, ya miƙe zai je ya koya musu hankali. Ya murɗa hannun ƙofa, hannun ya murɗu, ƙofa ba ta motsa ba. Ta baya ma haka. Tagogi kuwa shi ya sa aka yi musu ƙarfe, yana alfahari ko ɓera sai ya rame kafin ya shiga.

A ɗaki suka tarar da Auta, 'yarsu mai gwada masa wasan kafin ya sake shi. Tana tsaye, ta kafa goshi a bango tana turawa. Ta ja baya, ta sake turawa. Uwar ta rungumo ta, yarinya 'yar firit ta yakice ta kamar tsumma. Ba kuka, ba magana. Goshin ya fara tashi.

Malamin da matar ta kira a waya yana taɓa ƙofar daga waje ta buɗe salin alin. Gwani ya zabura zai tare ta da ƙafa, ya makara, ta rufe a bayan malam. Malam ya dubi ƙofar. Ya zauna ya yi ta karatu, har duhu ya cika tagogin. Sannan ya fuskanci Auta ya ce:

"Kai wane ne? Me kake nema a jikin baiwar Allah?"

"Tambayi mai gemun nan," in ji wata muryar tsoho daga bakin Auta.

Ya ce shi aljani ne, a bangon gidan nan yake tun kafin a yi masa fenti. Idan Auta ta bar waya a caji, shi ke buga wasan, kuma ya yi nisa. Yau, a gaban jikokinsa, ya doshi bango a wasa ya buga hanci.

"Ni da aka haifa a cikin bango, in riƙa zagayen neman ƙofa kamar ɗan haya? To ku ma ku ɗanɗana."

Duk da haka bakin Gwani bai mutu ba. Ya ce in ya mayar da ratsa bangon, masu samudawa za su watse, wasa ya mutu, sai ya ga bangon da za a ratsa. Ya yi tayin ƙara wa aljanu gudu, tsohon ya yi tsaki. Ya yi tayin wuta.

"Wuta? Ni za ka ba wuta?"

Goshin Auta ya sake haɗuwa da bango. Matar ta yi wa Gwani wani kallo, ya haɗiye sauran hujjojinsa.

Malam ya tambayi aljanin ko mai tarbiyya yana afka wa mutane ba sanarwa. Tsohon ya sassauto. Aka daidaita: zai ratsa bango a wasan, amma sai ya yi gyaran murya kafin ya fito, abokin karawa ya samu damar juyowa. Tsohon ya nemi a bar shi ya yi a hankali, malam ya ce a'a, sai dai yadda kurma ma zai waiga. Gwani ya gyara wasan.

Auta ta yi atishawa ta sulale jikin uwarta, tana tambayar wa ya buge ta a goshi. Ƙofar falo ta buɗe da kanta, iska ta shigo.

Masu wasa sun yaba da gyaran ƙwarai. Gwani ya riƙa gaya wa baƙi cewa yana wanka dabarar ta zo masa, ai basira ba a sayen ta a kasuwa. Sai dai duk sanda ya faɗa, akan yi gyaran murya a bangon da ke bayansa. Yanzu a fili yake ba da labarin, nesa da kowane gini.