Hannun Baba a Ɗaure

Dab da magariba amarya ta shiga asibiti da kular abincin mijinta. Surukinta na kwance a hawan sama, inji na hura masa numfashi. An ɗaure hannayensa a jikin gado da bandeji don kada ya fizge robar bakinsa.

Da safen ranar likita ta tara dangi a ofishinta.

"Jikin Baba ya gaji," in ji ta. "Injin nan ba warkar da shi yake yi ba, riƙe shi kawai yake yi. Ya taɓa gaya wa wani abin da yake so?"

"A yi masa komai," in ji mijin amarya. "Kada a ce mun gaji da ubanmu."

Amarya ta sunkuyar da kai. Ita ke shafa wa Baba man zafi a gida, ita kuma ya gaya wa, yana dariya: "In tafiyata ta zo, 'yata, kada ki bari a ɗaure ni kamar akuya." Amma ga yayyen miji, ga Gwaggo. Bakinta ya yi nauyi.

Yanzu tana hawa matattakalar baya ita kaɗai. Fitila na kyaftawa. Warin maganin goge ƙasa ya ɓace, sai ƙamshin man zafi.

Shaaa. Tak. Shaaa. Tak.

Baba kaɗai ke jan ƙafar hagu haka.

Ta ƙi waiwayawa. Takun ya tsaya a bayanta. Numfashi ya sauka a wuyanta, fuu, tsit, fuu, daidai da bugun injin.

"'Yata."

"Na'am, Baba," ta ce, don bakinta ya saba.

"An yi tambaya."

Ta ƙanƙame kular.

"Kina wurin."

Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunta. Bandeji na reto a jikinsu. Baba ya naɗe hannunta da shi, ya soma janta ƙasa, inda hasken bai kai ba.

"To zo ki taya ni zama."

"Zan faɗa! Wallahi zan faɗa!"

Aka sake ta. Kular abincin ta gangara tana ƙara.

A baranda ta tarar da mijinta. Idonta a ƙasa ta maimaita masa maganar Baba, har da akuyar.

"Tun safe kin sani?" ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ya rufe fuska, domin ya gane bakin ubansa.

Washegari likita ta zauna da su. Ta ce ko an cire injin ba za a yar da Baba ba, za a ba shi abin da zai hana shi jin ciwo da sarƙewar numfashi. Aka cire injin, mijin da kansa ya kwance bandejin. Baba ya cika kafin la'asar, hannunsa cikin na ɗansa.

Dangi na ta sa wa amarya albarka. Ita kuwa sai ta ja mayafi ta rufe jan shatin da ya kewaye wuyan hannunta kamar zobe. Har yau bai goge ba, kuma yakan yi mata zafi duk sanda aka yi tambaya a gabanta ta yi shiru.