Kan Maraƙi a Teburin Baba

Lokacin da garin Lafiya yake cikin jihar Filato, an yi wani yaro ɗan aji biyar a garin. Kai, yaron nan akwai taurin kai! Babansa, Malam Badaru, mahauci ne a kasuwa.

Mahauta suna da doka. Mai sayar da naman maraƙi zai ajiye kan maraƙin kusa da naman. Mai naman babbar saniya kuma ya ajiye wutsiyarta. Da haka mai saye yake sanin abin da ya saya.

Yaron ya raina dokar nan. Kullum cewa yake nama ai nama ne.

Ran wata Asabar Baba ya tafi sallar azahar, ya bar masa teburi. Naman maraƙi ya ƙare, saura na wata tsohuwar saniya. Yaron ya matsu ya tafi ƙwallo. Sai ya ɓoye wutsiya, ya jawo kan maraƙi kusa da naman don ya sayar da wuri.

Can sai ga wata mata daga Agyaragu, sunanta Ngodoo. Ta ce surukinta ya tashi daga ciwo, ga shi ba haƙori, nama mai laushi take nema. Ta ga kan maraƙi, ta saya.

Washegari ta dawo da tukunya a ka. Ta ce itacenta ya ƙare, nama bai nuna ba, tsoho ya kwana da yunwa. Sarkin Pawa, shugaban mahauta, ya sa aka kife teburin Baba. Ya ce ba mai ɗaga shi sai Ngodoo ta yafe.

Baba ya dubi ɗansa. "Kai ka taɓa kan nan?"

"Ni ne, Baba. Amma ai ita ce ba ta iya girki ba."

Baba bai dake shi ba. Ya tsamo tsoka ɗaya daga tukunya. "Bismilla, ci."

Yaron ya yi ta tauna har muƙamuƙinsa ya gaji. Ya ƙi tofarwa, haɗiya kuma ta gagara.

"Kai mai haƙora ke nan," in ji Baba. "To, tsohon fa?"

Kunya ta kama yaron sosai. Ya durƙusa gaban Ngodoo ya nemi gafara. Da aka yanka maraƙi, shi ya kai naman har Agyaragu. Tsohon ya ci ya ƙoshi, ya sa masa albarka. Ngodoo ta yafe, aka ɗaga teburi.

Baba ya dafa kan ɗansa ya ce, "Mai saye amana yake ba ka. Kowane nama ka kira shi da sunansa na gaskiya."