Akuyar Uwar Amarya

Da baƙar leda ya shigo, yana riƙe da ita nesa da jikinsa, yana murmushi kamar wanda ya kawo tsaraba.

Saratu ta ɗago kai daga teburinta ta dube shi. A ɗan ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da take aiki a Kaduna ta Kudu ta ga abubuwa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ci kwalliya ya fesa turare don ya kawo kashin awaki ba.

Ya ce sunansa Nathan, gyaran firij yake yi a Tudun Wada, awakin kuma na mahaifinsa ne a Nasarawa. Akwai wata tsohuwar akuya a cikinsu da ke ci kamar ba gobe, amma kullum sai ƙara ramewa take, har haƙarƙarinta sun fito. An ba ta maganin tsutsa har an gaji.

"To wanne ne nata a nan?" Saratu ta tambaya bayan ta leƙa ledar.

"Ai garken na share duka na haɗo. Na ga kamar in ya yi yawa zai fi nunawa."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi saurin rufe baki. Shi ko a jikinsa. Maimakon ya ajiye ya tafi, sai ya tsaya bakin taga yana jero tambayoyi: me za ta yi da shi, me ya sa take ɗumama gilashi a kan wuta, wannan jan ruwan na mene ne? Irin mutanen nan ne da in ka ba su aron rediyo sai sun kwance shi sun ga mai magana a ciki.

Ita kuwa Saratu tana son mai tambaya, don ba kasafai ake tambayarta komai ba ban da yaushe sakamako zai fito. Ta bayyana masa cewa ana shafa kashin a kan gilashi, a rina shi da ja, a wanke da asid, sannan a bi shi da shuɗi. Komai zai saki jan ya koma shuɗi, ban da wata irin ƙwayar cuta mai taurin kai.

Da ta gama sai ta sa ido a maikiroskof, madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Can ta matsa masa. Nathan ya leƙa ya ga fili shuɗi, da wasu 'yan jajayen sanduna sun dunƙule wuri guda.

"Kai, suna da kyau," ya ce a hankali.

"Ba su da kirki dai," in ji ta.

Dokta Lawal, likitan dabbobin da ke shugabantar wurin, ya ce yana zargin cutar da likitoci ke kira paratuberculosis. Tana kama hanjin dabba tun tana jaririya, daga nono ko daga kashin uwa, ta kwanta shekaru ba alama, sannan ta fara cinye ta a tsaye. Ba ta da magani. Amma ya ce gani a madubi bai isa hukunci ba, don ƙwayar tana da 'yan uwa masu kama da ita. Sai an ɗebi jini da kashin kowace akuya daban, an kuma shuka ƙwayar a kwalba an jira ta tsiro, ita kuma watanni take ɗauka.

Haka Saratu ta fara shiga gidan Baba Ishaya, mahaifin Nathan, da safar hannu da kwalabe. Dattijon ya tsaya ya harɗe hannu yana kallo ana tsira wa awakinsa allura a wuya. Tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe, awakin nan su ne aikinsa, su ne hirarsa. Akwai wata budurwar akuya ja mai sheƙi, 'yar tsohuwar da ke ramewa, wadda da hannunsa ya riƙe ta, yana lallashinta har aka gama.

Watannin jira kuwa sun yi wa Nathan daɗi. Kusan kullum da yamma sai ga saƙonsa.

"Likitana, barka da aiki. Ya yaranmu na kwalba, sun tsiro?"

Ita kuma ta mayar masa: "Mai leda, ba su tsiro ba. Ba masara ba ce. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. In na ce sai na gan ki zan ci, za ki bar ni da yunwa?"

"Zan bar ka mana. Amma ƙarfe biyar nake tashi."

Ran nan firij ɗin ɗakin gwajin ya fara gurnani, Nathan ya zo ya gyara. Bayan kwana kaɗan ya dawo ya duba ko gyaran ya zauna, ya sake dawowa ya duba dubawar. Dokta Lawal ya ce bai taɓa ganin firij mai gata irin wannan ba.

A hanyar raka ta Unguwar Mu'azu ne wata Lahadi, bayan an tashi daga coci, Nathan ya tsaya ya ce mata shi fa ya daɗe da daina zuwa don awaki. Saratu ta sunkuyar da kai, zuciyarta fal da farin ciki, ta ce ai tun zuwan firij na biyu ta gane.

Mahaifiyarta, Mama Rakiya, ta karɓe shi hannu bibbiyu. Tun rasuwar mijinta da 'yan awakin da ke bayan ɗakinta ta riƙe gida, da su ta yi wa Saratu makaranta. Ta ce yaron da ke gaida awaki kafin ya zauna ba zai wulaƙanta mutum ba.

Sai ƙwayar ta tsiro. Cutar ce. Tsohuwar akuyar da wasu manya sun kamu, Dokta Lawal ya ba da shawarar a fitar da su a kuma bar garken ya huta. Jar budurwar kuwa, jininta da kashinta ba su nuna komai ba.

A al'adar garinsu, ranar kai kayan aure uban ango yakan kai wa uwar amarya akuya daga garkensa, ta gode wa nonon da ta shayar. Baba Ishaya ya daɗe da ware jar nan don wannan rana. Ya aiko Nathan ya faɗa wa Saratu cewa ya haƙura da sauran, amma jar tunda injinsu da kansa ya wanke ta, ita za a kai wa Mama Rakiya.

Saratu ta san ƙaramar akuyar da ta sha nonon mai cutar tana iya ɗauke da ita shekaru, gwaji bai gani ba. In ta shiga garken mahaifiyarta ta fara zubar da ƙwayar, 'yan awakin da ake haifa can sun shiga uku. In kuma aka ƙi karɓa, to an mayar wa dattijo da kyautarsa, kuma a wurinsu wannan daidai yake da a ce ba a son gidansa.

"Ba za ta shiga garken Mama ba, Nathan," ta ce, idonta ya ciko. "Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan yi shiru ba."

Da saƙon ya isa, Baba Ishaya ya yi faɗa har maƙwabta suka ji. Ya ce yarinyar da ta ƙare masa garke, yanzu kuma ta raina ɗayar da ta rage, ba za ta shigo masa gida ba. Ya ce ga Precious nan 'yar mawaƙan cocinsu, yarinya mai ladabi wadda ba ta leƙa kashin kowa.

Saƙonnin yamma suka ɗauke. Wata ƙawar Saratu, irin masu kawo labari da gudu, ta ce ta ga Nathan a ƙofar gidan su Precious. Saratu ta yi kuka a bayan ɗakin gwaji, ta wanke fuska ta koma kan madubinta. Daga baya ta gaji da haɗiye abin ta rubuta masa: "In ka sauya shawara ka faɗa mini da bakinka."

Amsa ta zo nan take: "Firizar mamanta na je gyarawa, ko ruwa ban sha ba. Kunya ce ta hana ni magana, Likitana, don ban shawo kan Baba ba tukuna. Ban sauya ba, ba kuma zan sauya ba."

Abin da ya shawo kan Baba bai zo ta hannun Nathan ba. Wata safiya sai ga dattijon da kansa a bakin tagar ɗakin gwajin, da hularsa da sandarsa, ya ce ya zo ya ga abin da ya fi shi sanin awakinsa.

Saratu ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ba shi kujera, ta yi aikin a gabansa tun daga farko. Da ta zo wankewa da asid sai ta ga ya matso da kujerarsa.

"Ɗumamawar nan don rinin ya shiga ne ko?" ya tambaya.

"E, Baba. Ya aka yi kuka sani?"

"A sashen rini na yi aiki a masaƙa. Launin da ya sha wanki bai fita ba, ya kama ke nan."

Ya sa ido a madubin ya daɗe, yana kallon jajayen sandunan da suka fito daga tsohuwar akuyarsa. Ya tambayi girmansu, ya tambayi abin da suke ci, ya tambayi yadda suke rayuwa a ƙasar garke bayan dabba ta tafi. Saratu ta gane inda Nathan ya gado tambaya. Sannan ya ce a sa masa na jar. Shuɗi ne fes, ko ɗigon ja babu.

"To ga shi, babu komai."

"Yau babu, Baba. Wataƙila ma ba ta da shi har abada. Amma ta sha nonon uwarta, kuma madubin nan abin da ya fito kawai yake gani, ba ya ganin wanda ya kwanta."

"Ke nan ba ki tabbata tana da shi ba."

"Ban tabbata ba. Ban kuma tabbata ba ta da shi ba. Awakin Mama su ne duk abin da take da shi."

Dattijon ya ɗauki sandarsa ya fita, ko sallama bai yi ba. Da yamma Nathan ya rubuto cewa Baba ya ce a sa ranar kai kaya, amma game da akuya bai ce uffan ba. Saratu ta rasa ko murna za ta yi ko fargaba.

Ranar ta zo, tsakar gidan Mama Rakiya ya cika da dangi. Saratu tana ɗaki tana leƙe ta labule, kunnenta na jiran kukan akuya daga waje. Aka shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya, Kawu Friday, ƙanen mahaifinta, yana karɓa. Da aka zo kan akuyar uwa sai aka fara kallon juna, don ba wanda ya ga igiya a hannun kowa.

Baba Ishaya ya miƙe ya cire hularsa.

"Surukaina, na zo hannu wofi a kan wannan. Garkena akwai cuta. Akuyar da na yi shekaru ina kiwo don wannan rana, ba zan iya rantsuwa a kan lafiyarta ba. Na so in sayo wata a kasuwa in ce tawa ce, na ga ba zan fara zumunci da ƙarya ba. 'Yarku ce ta hana ni kawo muku ɓarna, na kuma yi fushi da ita a kan haka. Ku yi mini haƙuri."

Saratu ta san abin da maganar nan ta ci masa a gaban mutane, hawaye suka zubo mata.

Kawu Friday ya fara gyaran murya zai kawo zancen al'ada, Mama Rakiya ta riga shi.

"Baban Nathan, na karɓa. Ka bar garkenka ya huta yadda likita ya ce. Ranar da ya huta, ni zan aiko maka da 'yan awaki daga nawa ka sake farawa. Lafiyarsu ƙalau, kai ka bar mini su da lafiyarsu."

Dattijon ya juya wajen labulen ya ce, "Saratu, 'yata, fito in gan ki."

Ta fito ta durƙusa a gabansa, ya ɗora hannu a kanta.

An ɗaura auren a cocin su Saratu, matan zumunta suka yi ta waƙa da kiɗan tulu har muryoyi suka dushe. Baba Ishaya ne ya yi addu'ar rufewa. Ya roƙi Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya sa gaskiya ta zauna a gidansu ko da ranar da take da ɗaci. Jama'a suka amsa da amin, Nathan ya damƙe hannun amaryarsa, ita ma ta riƙe nasa gam.