Mangwaron Malam Mijinyawa

Da hantsi aka tarar an kwashe dashen mangwaron aure, babu ko ɗaya, a sabon lambun da ke bakin unguwar Turawa. Kafin azahar an kulle Jalo, makiyayin da ke ratsawa ta wajen da shanunsa zuwa Inkil.

Sajan Hammajoda na 'yan doka bai ji daɗin kamun ba. Bikin 'yancin kai ya matso, manya na son a rufe magana, kuma ya san in aka kai dattijon gaban alƙali, gidan yari zai tafi, shanunsa su watse. Ya je inda aka kulle shi ya tambaye shi.

"Baffa, ka taɓa itatuwan nan?"

"Ɗana, me zan yi da mangwaro? Tatsarsa ake yi?"

Sajan ya koma lambun ya durƙusa. Shanu ba su ci komai ba. An haƙa kowane gurbi da faɗi, an ɗauke saiwa da ƙasarta, an mayar da cikon. Ga ganye a zube, yankan wuƙa. Ya tura yatsa, ƙasar da danshi, alhali sauran lambun a bushe yake.

Ya kira Mansir mai ban ruwa.

"Wa ya jiƙa nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Malam ya ce jiya in shayar da layin nan har ya ƙoshi."

"Sauran fa?"

"Ya ce su jira."

Sajan ya san Malamin da ake nufi. Malam Mijinyawa ne ya tsara lambun tun yana fako, shi ya auna inda inuwa za ta sauka da inda ruwa zai gangara. Shi ne kuma ya kawo ƙara.

Ya same shi yana ɗaure igiyar awo.

"Malam, ɓarawo fizga yake yi ya gudu. Wannan ya shayar tukuna don ƙasa ta riƙe saiwa, ya rage ganye don kada dashe ya yi yaushi, har ya cike ramin. Mutum nawa suka iya haka a Bauchi?"

Mijinyawa ya saki igiyar.

"Baturen ayyuka ya ce a sare su, nan za a yi filin fareti. Da hannuna na aura su, Sajan. Suna Tirwun, a gonar ƙanwata, duk na dasa su."

"To ƙarar fa?"

"Na ji tsoron rasa aikina. Na zaci za a ce an sace, shi ke nan."

"An kuwa ce. Ka ji tausayin itace, ga dattijo can tun safe bai sha ruwa ba."

Mijinyawa ya ɗauki hularsa ya shige gaba zuwa ofishin 'yan doka.

Da aka buɗe wa Jalo ƙofa bai dubi kowa ba.

"Wa ya kai mini shanu rafi?"