Littafin da Babu Aljani a Ciki

Munawwara tana tsakar gida tana tankaɗen garin masara, Inna na gefe tana yanka kuɓewa, sai suka ji ihu daga ɗaki. Kafin Inna ta yunƙura, Munawwara ta yar da rariya ta kwasa da gudu.

A bayan ƙofa ta tarar da ƙanwarta Hussainatu ta dunƙule wuri ɗaya, ta toshe kunnuwa, jikinta sai ɓari yake yi. Ga wani littafi yashe a kan tabarma.

"Ni ce, Hussaina! Addarki ce! Dube ni mana!"

Ta rungume ta tana shafa bayanta har ɓarin ya lafa, sannan ta ɗauki littafin. Wata ƙawar Hussainatu ce ta ara mata a makaranta. A bangon an zana aljani mai jajayen idanu ya saɓa yaro a kafaɗa.

"Tagwaye ne, Adda," in ji Hussainatu. "Ya ɗauke namijin, ya bar macen."

Inna da ke tsaye bakin ƙofa ta juya ta sa gefen zani a ido.

Shekara tara ke nan tun ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa rugarsu. Hussainatu tana da shekara shida a lokacin, tana riƙe da hannun Hassan abokin tagwaicinta suka fito a guje, hannun ya kuɓuce mata, ba a sake ganinsa ba. Mahaifinsu, Baffa Suleiman, ya rasa garkensa kaf, ya kwaso iyalinsa zuwa Maiduguri suka zauna a Bulumkutu, ya koma dillancin shanu. Tun daga nan da an yi ƙara mai ƙarfi sai Hussainatu ta zube. Likita ta ce ciwon firgici ne, ta rubuta magani, ta kuma ce a samar mata abin da zai riƙa ɗauke mata hankali. Ita kuwa ba abin da take so kamar karatu.

"Amma ba na son ƙananan littattafan nan, Adda," ta ce da yamma. "Da na gama sai tunanin ya dawo. Ki samo mini mai kashi uku, fat wan har fat tiri, wanda zan daɗe a cikinsa."

Malama Phebe, maƙwabciyarsu 'yar Biu da ke koyarwa a makarantar su Hussainatu, ita ta kwatanta mata shagon wani Usama a Shehuri. Ta ce kusan duk littafin da ke shagon nan ya karanta shi.

Shagon ɗan ƙarami ne, littattafai tun daga ƙasa har rufi. Usama saurayi ne dogo, yana zaune a kan benci da tabarau a ido.

"Wushe, sannu da zuwa. Me za a kawo?"

"Nobel nake nema na 'yan mata, mai kashi uku. Wanda babu aljani, babu boka, babu maita, babu fatalwa."

Usama ya kwashe da dariya. "Kai! Ai kin kori rabin shagona, malama!"

Ba ta yi dariya ba. Da ya ga idonta ya kawo ruwa sai ya haɗiye tasa, ya miƙe ya taka kujera, ya sauko da ɗauri uku.

"Wannan sunansa Ɗiyar Mai Gyaran Keke. Yarinya ce ubanta ya makance, ta karɓi sana'arsa, gari ya yi ta surutu a kanta. Fat tu ɗin ya ɗan yi sanyi, amma a daure, na ukun zai biya. Wannan kuma 'Yan Ajin Bayan Kicin, makarantar kwana ce, gasar muhawara da satar ƙanzo, dariya zalla. Na ukun nan..." Ya ɗan tsaya. "Babu aljani, amma a kashi na biyu akwai harbe-harbe. Wa zai karanta?"

Ba ta san dalili ba, sai ta ji tana ba shi labarin Hassan. Bai katse ta ba. Da ta gama, ya mayar da ɗauri na ukun saman kantar littattafai, can ƙurya.

"Daga yau duk wanda zan ba ki sai na sake karanta shi da kaina, shafi-shafi," in ji shi.

Haka kuwa aka yi. Duk bayan mako biyu Munawwara ta hau keke napep zuwa Shehuri, ta tarar ya ware mata wani, wani sa'in har da 'yar takarda a ciki: a tsallake shafi na arba'in, akwai hatsarin mota. Hussainatu ta fara cin abinci sosai, har aka fara jin dariyarta daga ɗaki. Hirar shago kuma ta fara wuce ta littafi. Ranar da ya ce, "Munawwara, wallahi ni siriyos nake, ki ba ni izini in gaida Baffa," rufe fuska ta yi da mayafi ta fita ba ta ko ɗauki littafin ba.

Baffa ya yi bincike ya yaba da shi. Saura gefen mahaifiyar Usama, Hajja Ammatullahi, wadda ta raine shi ita kaɗai tun rasuwar ubansa. Ta ce sai ta ga gidan da idonta.

Ranar Asabar da la'asar ta zo tare da wata ƙanwarta. Inna ta shimfiɗa sabuwar darduma, aka turara ɗaki, aka gaisa cikin mutunci. Hussainatu ta shigo da tiren lemo tana murmushi. Daidai nan tayar wata mota ta fashe a bakin titi.

Tiren ya tarwatse a ƙasa. Hussainatu ta zube tana ihu, tana kiran, "Hassan! Riƙe ni! Hassan!"

"A'uzubillahi!" ƙanwar Hajja ta yi tsalle ta koma bayan ƙofa. "Iska ce! Yaya, tashi mu tafi, gidan masu iska ne!"

"Ba iska ba ce, Hajja, don Allah ki tsaya in yi miki bayani," in ji Inna.

Hajja ta ja mayafinta, ta tsallake fasassun kofuna ta fita, ko sallama babu.

Kwana uku Usama bai zo ba. A na huɗu ya zo da rana tsaka, ya tsaya a zaure, duk ya rame.

"Na yi mata bayani, na kai mata har takardar da likita ta rubuta, ta ƙi dubawa. Ta ce abin a jini yake, ba za ta haɗa zuri'a da shi ba. Ta ce in na aure ki ba ta yafe mini ba." Ya dube ta. "Ki ce wani abu mana, Munawwara."

"Me zan ce? Uwa ce. Ita ta sha wahalarka, ba ni ba. Ka bi maganarta."

"Ba zan auri kowa ba, wallahi!"

"Kada ka rantse. Ka dai yi mana addu'a."

Ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta. Tana ɗaga labule ta yi kiciɓis da Hussainatu a tsaye, ashe duk ta ji.

Ran nan Hussainatu ta tattara littattafanta ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abincin kirki. Labari kuma ya zaga unguwa, mata suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Baffa ya dawo daga kasuwar shanu ya zauna a kan buzunsa, abin da ya iya cewa kawai, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

"Ni na kashe miki aure, Adda," in ji Hussainatu wata safiya, tana kwance ta fuskanci bango. "Da ma ni aka ɗauke aka bar Hassan. Shi ba zai zame muku kaya ba."

Munawwara ta ji kamar an soka mata wuƙa. Ta ɗago ta ta girgiza kafaɗunta. "Kul! Kada in sake ji! Miji ana samun wani, ke a ina zan samo wata?" Suka rungume juna suna kuka har Inna ta shigo ta taya su.

Usama bai sake taka gidan ba, bai kira ba, don Hajja ta hana. Amma duk ƙarshen wata sai Malama Phebe ta shigo da leda ta ajiye: littafi uku a ɗaure, da 'yar takarda mai rubutun Usama, "Na karanta, babu komai." Hussainatu ta ƙi taɓawa. Sai Munawwara ta riƙa zama a bakin gado tana karantawa da ƙarfi, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji. An fi mako uku a haka. Rannan Munawwara ta rufe littafin a tsakiyar babi za ta ɗora tukunya, sai ta ji murya daga bayanta.

"To sai me ya faru? An ba ta aikin?"

Munawwara ta koma ta zauna, hawaye na ɗiga a kan shafin, ta ci gaba.

Masu neman aure biyu suka fito mata a shekarar, da suka ji maganar unguwa duk suka janye. Ba ta yi ƙorafi ba. In abin ya taso mata sai ta yi alwala ta hau sallaya.

Damina ta zagayo, ruwa ya ɓalle ya shigo gari. Bulumkutu ta tsira, amma Shehuri ta nutse. Malama Phebe ce ta kawo labari: shagon Usama babu ko takarda ɗaya da ta fita, Hajja kuwa kwana biyu ta yi a kan rufin kwano kafin kwale-kwale ya iso, kuma a gaban idonta ruwa ya tafi da jikar maƙwabciyarta. Munawwara ta haɗa zannuwa da garin tuwo ta ba Malama ta kai, ta ce kada a ce daga ita ne.

Bayan wata biyu ta raka Hussainatu asibiti ganin likita. Suna kan benci suna jiran layi, mai shara ta sheƙa bokitin ruwa a baranda, ruwan ya malalo ƙarƙashin ƙafafun mutane. Sai ihu ya tashi daga ƙarshen benci.

"Ruwa! Ga shi nan! Ku ɗauke yarinyar!"

Wata dattijuwa ce ta haye benci tana karkarwa. Mutane suka dare, wata na cewa aljanun ruwa ne suka shafe ta. Usama na riƙe da ita ya rasa yadda zai yi. Munawwara ta duba da kyau. Hajja Ammatullahi ce, ta zabge kamar ba ita ba.

Kafin ta yi motsi, Hussainatu ta ratsa mutane ta hau bencin, ta kama hannuwan Hajja biyu.

"Hajja, asibiti ne nan. Taɓa bango ki ji, a bushe yake. Wancan ya wuce. Na san yadda yake, kamar yanzu ake yi, amma ya wuce."

Ta yi ta maimaitawa har dattijuwar ta sauko ta zauna tana haki. Ta ƙura wa yarinyar ido.

"Ke ce?"

"Ni ce, Hajja."

Hajja ta riƙe hannunta. "'Yata, ke me kika gani?"

Hussainatu ta faɗa mata, tun daga ƙarar bindiga har hannun da ya kuɓuce. Hajja ta fashe da kuka mai cin rai. "'Yar shekara shida! Ni da furfurata kwana biyu sun mayar da ni haka. Na tsallake ki kina kwance ban ko tambaya ba. Wayyo ni, me zan ce wa Allah?"

Usama ya ɗago ya dubi Munawwara.

Ranar Juma'a Hajja ta zo Bulumkutu. Inna ta shimfiɗa darduma, ta ƙi hawa, ta zauna a ƙasa ta nemi gafarar kowa ɗaya bayan ɗaya, har Baffa ya ce ya isa haka, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Washegari kawunnan Usama suka zo neman aure.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren, biki ba na a zo a gani ba, don Usama a kan tebur yake kasa littattafai yanzu a bakin titi. Malama Phebe ta sa ya rubuta wa makarantarsu jerin littattafai masu kashi uku da ya yarda da su, saboda bayan ruwan nan yara da yawa sun zama masu firgita. Hussainatu ta koma aji, tana shan maganinta, wani lokacin ciwon yakan taso. Hassan dai har yau shiru, Inna ba ta daina sa shi a addu'a ba.

Ranar da za a kai amarya, Hussainatu ta ƙanƙame Addarta ta ƙi saki. Hajja ce ta ɓamɓare ta a hankali, ta share mata fuska da mayafinta, ta juya ga matan da suka cika tsakar gida, har da waɗanda suka hana 'ya'yansu shigowa.

"Ku ji daga bakina, ni na fara yin kuskuren nan. Kada ku raɗa wa ciwon mutum suna ba ku tambaye shi abin da ya same shi ba. Ni sai da Allah ya ɗanɗana mini sannan na gane."

Ba wadda ta ɗaga kai. Munawwara ta shiga mota tana kuka ƙarƙashin lulluɓi. Ta yi haƙuri a lokacin da haƙuri ke da ɗaci, ba ta raba ɗa da uwarsa ba, ba ta kuma yar da 'yar'uwarta don neman miji ba, Allah kuwa bai bar ta ta taɓe ba.