Amawalin Da Ya Sauka A Timiya

Tsirkiyar anzad ɗin, gogen nan na matan Abzin, ta yi wata irin ƙara mara daɗi a hannun Tekna, tun kafin ita kanta ta yarda da abin da idonta ke gani.

Gumur, saurayinta, ya sa yatsa ya ja amawalin rawaninsa ƙasa... har haɓa!

A gaban Abbanta!

"Innalillahi..." ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

Bai tsaya nan ba. Ya karɓi ɗan kofin shayin da ake zagayawa da shi, ya kurɓa har da lumshe ido, sannan ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Akawel. Shayinka ya yi daɗi."

Sunan Abba gatsal, sai ka ce sa'ansa.

Rumfar ta yi tsit. Samari da 'yan matan da suka zo taron matasan Abzin suka sunkuyar da kai, tsofaffin da ke koya musu rubutun tifinar na kakanninsu a kan rairayi suka riƙe baki. Duk ɗan da aka haifa a duwatsun nan ya san mai neman 'yar mutum ba ya ci ba ya sha a gabansa, ba ya bari ya ga bakinsa, sunansa kuwa ko da wasa ba ya kamawa. Wanda ya yi haka ya gama shaida wa duniya cewa ba aure ya kawo shi ba.

Abba ya miƙe a hankali ya kaɗe rigarsa.

"Tekna, ajiye gogen nan. Gobe da safe za mu koma gida can kwari."

"Abba..."

"Na gama magana."

Gumur sai raba ido yake, kofin na hannunsa. Wayyo, bawan Allah, ko sanin abin da ya aikata bai yi ba! A Yamai ya tashi, mahaifinsa ya rasu tun yana rarrafe. Karatun likita yake yi, masu shirya taron suka gayyato shi bara don ya ƙarfafa wa yara gwiwa kada su bar makaranta. A nan ya ji Tekna tana koya wa 'yan mata goge, ya manta da abin da ya zo faɗa. Ita kuma ta yi ta dariyar gurguwar Tamajak ɗinsa, harshen iyayensa, daga dariya sai ga ta kullum tana hawa dutse neman layin waya. Sai da ta yi ta kuka da roƙo kafin Abba ya yarda ya zo ya ga "ɗan birnin" da idonsa.

To, ga shi ya gani.

A lambun rumman ta tsare shi, idanunta jajir.

"Wa ya aike ka, Gumur? Wa ya aike ka?"

"Hasken idona, me na yi? Girmama shi na yi..."

"Girmamawa! Ka buɗe masa baki kamar ɗan akuya, ka kira sunansa, ka ce girmamawa? Ka san abin da ka ce masa? Cewa ka yi wasa kake da ni!"

Gumur ya ja da baya. Ya dafa bishiya.

"Amma ce mini aka yi in na ƙi sha na raina shi. Aka ce in nuna masa fuskata ya san ni..."

"Wa ya ce?"

Ya kawar da kai.

Wata 'yar dariya ta fito daga bayan shinge. Raishita ce, 'yar kawunsa, ta sha lalle da baƙin mayafi mai ƙyalli. Kowa a Timiya ya san tun ranar da Gumur ya sauko daga mota take cewa ɗan gida na 'yar gida ne.

"Haba amarya, kuka tun yanzu? Wasan taubasai ne fa. Ni ina na san likita guda bai san inda bakinsa ya kamata ya zauna ba?"

"Allah ya isa tsakanina da ke, Raishita!"

"Oho dai. Gobe wa zai hau raƙumi, ni ko ke?"

Ta wuce tana karairaya. Tekna ta juyo kan Gumur.

"Ka ji ko? Tashi mu je wurin Abba ka faɗa masa ita ce."

"Ba zan iya ba."

"Me ka ce?"

"Budurwa ce, Tekna. In na tona ta a gaban taron nan, wa zai sake kallon ƙofar tantin uwarta? Kawuna ne ya riƙe mu da mahaifina ya rasu."

"Ni fa? Ni ba budurwa ba ce? Ni ba a gaban taro ka zubar mini da mutunci ba?"

"Rayuwata..."

"Kar ka sake kirana da wannan sunan! Ka zaɓe ta, ka je ka riƙe ta!"

Ta kwasa da gudu. Wallahi a lokacin ji take da ma ba ta taɓa hawa dutsen nan ba, da ma wayar ta faɗa rijiya. Ta tsane shi, ta tsani kirkinsa, kuma son shi na nan daram a ƙirjinta yana cin ta kamar yaji.

Ta sami Anna, mahaifiyarta, tana jera cuku a tabarma, ta faɗa jikinta tana sheshsheƙa. Abba na gefe yana gyaran igiyar sirdi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ki daina ɓata hawayenki," ya ce. "Wanda bai san kunya ba, ba zai san darajar mace ba."

Anna ta ci gaba da jera cukunta.

"Uban Tekna, in tambaye ka mana. Rawanin nan da yaron ya sauke, wa ya naɗa masa shi tun farko?"

"Ina ruwana?"

"Kai dai naka babanka ya tara malamai, aka yanka rago, aka zaunar da kai aka faɗa maka abin da ake yi da abin da ba a yi. Shi fa? Ubansa ba tare kuka yi ta zuwa Bilma ɗauko gishiri ba? Da ya mutu wane ne a cikinku ya bi sawun ɗansa?"

Hannun Abba ya tsaya a kan igiyar. Amma bai ce an fasa tafiya ba.

Washegari da hantsi aka ɗaure kaya. Hanyar kwari ta gaban rumfar taron ta bi, ranar ce kuma ta rufewa, yara sun cika maƙil. Gumur na tsaye a gabansu zai yi jawabi, ya yi zuru-zuru kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Tekna ta ja mayafi ta rufe fuska don kada su haɗa ido.

Sai Abba ya ja akalar raƙumi ya tsaya.

"Kai, ɗan birni. Zo nan."

Ya zo ya tsaya a gabansa.

"Abin da ka yi jiya, wa ya koya maka?"

Tekna ta hango Raishita a cikin 'yan mata, fuskarta ta yi fari fat. A ranta ta yi ta roƙo: faɗi, don Allah faɗi, kalma ɗaya ce...

"Babu kowa," Gumur ya ce. "Rashin sanina ne."

Hawayenta suka zubo. Shi ke nan, ya kashe maganar aurensu.

"Wa ya naɗa maka rawani?" Abba ya sake tambaya.

Gumur ya sunkuyar da kai.

"A waya na gani... na koya a gaban madubi."

Wasu samari suka tuntsire da dariya. Abba ya watsa musu wani kallo, dariyar ta maƙale.

"Me ya ba ku dariya? Ku nawa ne a nan uba ya naɗa wa? Mu ya kamata a yi wa dariya." Ya juya wajen 'yan mata. "Ni kuma tsoho ne, ba makaho ba. Na ga mai ƙyaƙyatawa jiya tun kafin yaron nan ya taɓa kofi. Tunda shi ya rufa mata asiri, ni ma na rufa."

Raishita ta sulale ta bayan rumfa.

"Durƙusa," in ji Abba.

Ya warware naɗin madubin nan kaf, ya sake naɗa shi da hannunsa, yana yi bakinsa na motsi da addu'a. Da ya zo kan amawalin ya ja shi sama sosai, har sai da ido kawai ya rage. Tsofaffin matan nan sai share hawaye suke da bakin zane.

Sannan ya ja da baya, murya a daƙile ya ce, "Wannan hakkin ubanka ne a kaina, na sauke. Daga yau kada in sake ganin ka zaune inda nake zaune. In ka hango ni a hanya, ka sake hanya. Ko sunana na ji a bakinka, ni da kai ne."

Ya juya ya ce wa Anna a sauke kaya, raƙumin ya gaji.

Gumur na nan a durƙushe, kafaɗunsa sun zube. Da Tekna ta iso kusa ta ga amawalin ya jiƙe sharkaf.

"Ya kore ni, Tekna... har hanya ya hana ni haɗawa da shi. Ki yafe mini."

Sai ga guɗa ta tashi daga wajen tsofaffi, wata na karɓa wa wata. Ya ɗago a firgice.

Tekna tana kuka tana dariya, ta rasa wanne za ta tsayar.

"Kai dai anya za ka taɓa koyo, likita? Baƙo ake cewa zo mu zauna. Wa ka taɓa ji an ce ya sake hanya, in ba suruki ba?"